Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Tarihin Jinyar Harbin Ƙudan Zuma da Rina a Ƙasar Kazaure da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka fahimci harbin ƙudan zuma da na rina, da yadda aka yi jinyarsa, a ƙasashen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da ke arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Ta nuna cewa sanin da jama'a suke aiki da shi a yau ya taru ne daga maɓuɓɓuga uku: gadon manoma da masu ɗiban zuma, da ɗibbun da malamai suka karanta a littattafan Larabci, da binciken likitocin ƙarni na 20. Maƙalar ta kafa hujja da cewa maɓuɓɓuga biyun farko sun wadatar a kan harbin yau da kullum, amma sun gaza a kan harbin da ke kisa cikin mintoci, domin magabata sun nemi sababinsa a jikin ƙwaron alhali yana jikin wanda aka harba. Daga ƙarshe ta bayyana abin da ƙa'idar kiyaye rai ta wajabta bayan an gano wannan sababi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bahaushe ya ce zuma ga zaƙi ga harbi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san rabin wannan magana na biyu da fatar jikinsa, ya kuma san cewa galibi abin ba ya wuce raɗaɗi da kumburin yini ɗaya ko biyu. To amma akwai wani al'amari da manoma da makiyaya suka daɗe suna gani suna kasa fassarawa. Mutum zai shekara talatin yana hawa bishiya yana sauke amya, an harbe shi sau ba adadi, sai wata rana ƙuda ɗaya ya same shi a wuya, kafin a kai shi gida numfashi ya sarƙe, rai ya yi halinsa. A ɗaya ɓangaren kuma yaro ƙarami zai sha harbi goma, ya kwana yana kuka, gari ya waye yana wasa. Me magabata suka sani game da wannan bambanci? Me ya ɓuya gare su, yaushe aka gano shi, kuma wane nauyi ganowar ta ɗora wa malamai da al'umma? Waɗannan su ne tambayoyin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Ƙasar da Ƙwarinta

Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, kimanin kilomita 80 daga birnin Kano. Masarautar ta samo asali ne daga Ɗan Tunku, ɗaya daga cikin jagororin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a wannan nahiya. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shafe shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Ɗansa Dambo ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, ya faɗaɗa ƙasar, ya kewaye garin da ganuwa, kafin mayaƙan Damagaram su kashe shi. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta. Babura kuwa ta zauna ƙarƙashin Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, ta koma masarautar Ringim.

Yanayin ƙasar ya sa mutum da ƙudan zuma ba su da yadda za su kauce wa juna. Duwatsun Kazaure da Roni suna da tsagogi da koguna da zuma ke tarewa a ciki. Tsofaffin kukoki suna da kogo, ɗorawa da tsamiya da gawo suna ba da fure, manoma kuma suna saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara ta, su ɗora a reshe. Idan rani ya tsananta ruwa ya janye, ƙudan kan sauko bakin rijiya da randa da tiren masu rake da mangwaro a kasuwa, inda mata da yara suka fi yawa.

Ƙudan zuman Afirka ta Yamma, wanda masana suka laƙaba wa sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18, dafinsa bai fi na ɗan'uwansa na Turai ƙarfi ba. Abin da ya bambanta shi shi ne saurin fushi, da fitowa da yawa a lokaci guda, da bin mutum tafiya mai nisa. Harshen Hausa ya rarrabe dangin waɗannan ƙwari daki-daki: akwai galla wadda ke yin zuma ba ta da ƙari, da rina mai rataye gidanta a reshe ko ƙarƙashin rufi, da zanzaro mai gini da laka a jikin bango wanda ba kasafai yake harbi ba, da zirnaƙo mai zafin harbi. Wannan rarrabewa shaida ce ta dogon lura.

3.0 Matsayin Ƙudan Zuma da Rina a Shari'a

Sura ta 16 a Alƙur'ani mai girma sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi. Aya ta 68 ta ambaci mazaunansa uku, wato duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke kafawa, kuma dukkansu ukun ana ganin su a ƙasar da ake magana a kai. Aya ta 69 ta siffanta abin da ke fita daga cikinsa da cewa akwai waraka a ciki ga mutane. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma yana cikinsu tare da tururuwa da alhudahuda.

Hukuncin rina daban ne. Baihaƙi ya kawo labarin Imamu Shafi'i (ya rasu 204H/820M) a Makka, inda aka tambaye shi game da mai harama da ya kashe rina. Ya fara da aya ta 7 ta Suratul Hashri da ta wajabta karɓar abin da Manzo ya zo da shi, ya biyo da hadisin da ya yi umurni da koyi da Abubakar da Umar, ya rufe da cewa Umar ya yi umurni da kashe rina. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil su ma sun riskar da ita ga kunama cikin abubuwan da mai harama zai iya kashewa. Sai dai wasu daga cikinsu sun fassara kalmar zunbur da namijin ƙudan zuma, abin da lura ta gaba ta gyara, domin namijin ba shi da ƙari ko kaɗan. Mace ce kaɗai ke harbi, rina kuma jinsi ce mai zaman kanta.

Malaman Malikiyya na farko sun tattauna mas'alar ajiye zuma a cikin gari. Ibn Farhun (ya rasu 799H/1397M) ya kawo a Tabsiratul Hukkam cewa Ibn Habib ya tambayi Muɗarrif game da mutumin da ya ajiye zuma a ƙauye tana cutar da itatuwan mutane. Muɗarrif ya ga a hana shi, domin ba a iya tsare kai daga abin da ke tashi sama. Asbagu ya ga hukuncinta hukuncin dabbobin kiwo ne, ba a hana mai ita. Cutar da suka tattauna ta furen itatuwa ce, kuma a yau an san ziyarar ƙudan zuma ƙara wa itace 'ya'ya take yi. Amma dalilin Muɗarrif ya fi ƙarfi idan cutar ta koma kan rayuka, kamar amyar da aka ɗora a gefen rijiya ko makarantar allo ko maƙabarta.

Sai batun wuta. Karin maganar da ke cewa zuma sai da wuta ta fito ne daga yadda ake ɗibanta da dare da bakin wuta, abin da kan ƙone ƙudan da 'ya'yansu. Buhari ya ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, aka yi masa wahayin zargi. Risala ta Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H/996M), wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta. Idan haka ne a kan ƙwarin da ke cutarwa, to wanda aka hana kashewa ya fi cancanta, balle ga shi hayaƙi kaɗai yana biyan buƙata.

4.0 Gadon Gargajiya da Ɗibbun Malamai

Jinyar gargajiya a wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, tana farawa da cire ƙarin da farce, sannan a shafa abin da ya sawwaƙa: jiƙaƙƙiyar ƙasa ko toka ko kanwa ko albasa ko man shanu ko ita kanta zumar. Masu ɗiban zuma suna da nasu sani na gado, har a garuruwa da dama akan naɗa musu Sarkin Zuma. Sukan yi aiki da dare, su tuɓe manyan kaya don kada ƙudan su maƙale a ciki, su gabatar da hayaƙi kafin hannu. Bincike ya gaskata wani yanki na wannan gado. Ƙudan da ya yi harbi yana sakin wani ƙamshi mai kama da na ayaba da ke kiran 'yan'uwansa zuwa wurin, an gano sinadarinsa a 1962, kuma hayaƙi yana rufe shi. Laka mai sanyi kuwa tana rage raɗaɗi kamar yadda ƙanƙara ke yi, ko da yake tana iya shigar da datti.

Malamai sun zo da maɓuɓɓuga ta biyu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri labarin sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha bayan wani abu mai dafi ya harbe shi, Annabi (SAW) kuma ya tabbatar da aikinsu. Sun kuma ruwaito daga Nana A'isha rangwamen yin ruƙiyya saboda dafi. Akwai wata ruwaya da ta fi dacewa da batunmu, wadda Ibn Abi Shaiba ya kawo: kunama ta harbi Annabi (SAW) yana salla, da ya idar ya nemi ruwa da gishiri yana sa wa wurin, yana karanta surorin neman tsari. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751H/1350M) ya yi sharhi a Zadul Ma'ad cewa wannan jinya ce da ta haɗa maganin Ubangiji da maganin ɗabi'a a lokaci ɗaya. Za mu dawo kan wannan ƙa'ida.

Likitocin daular Musulunci sun bi tsarin zafi da sanyi da suka gada daga Yunanawa. A wurinsu dafin kunama sanyi ne, na zuma da rina zafi ne, don haka a yi masa magani da kishiyarsa. Ibn Sina (ya rasu 428H/1037M) ya keɓe wa dafi da harbi wani sashe a littafi na huɗu na Alƙanun. Musa bn Maimun, likita Bayahude a Alƙahira, ya rubuta risala a kan dafi a ƙarshen ƙarni na 12 bisa buƙatar Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin. Abin da irin waɗannan littattafai suka yi wasiyya da shi ga harbin zuma da rina bai yi nisa da na manomin Roni ba: yumɓu da ruwan khal, da ganyaye masu sanyaya fata, da shan abu mai sanyi.

Shugabannin jihadi sun ɗauki ɗibbu da muhimmanci. Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ya shafi addini da jiki. Muhammadu Bello (ya rasu 1837), wanda hukuncinsa ya tsayar da masarautar Kazaure da ƙafarta, ya bar risaloli a kan ciwon ido da basur da amfanin filasko. Nana Asma'u ta tattara fa'idojin surori wajen neman waraka a Tabshirul Ikhwan. Gida ɗaya ke nan ya fitar da littafin addu'a da littafin ganye, ba tare da ganin cin karo a tsakaninsu ba. Daga irin wannan gado ne tofi da rubutun sha suka zauna kafaɗa da kafaɗa da kanwa da albasa a zaurukan malamai.

Duk da haka akwai iyakar da wannan sani bai ƙetare ba. Mungo Park, matafiyi ɗan ƙasar Sikotilan, ya ba da labarin abin da ya gani a watan Afrilu na 1797 a dajin Jallonka, yammacin ƙasar Mali ta yau. Wasu daga ayarin fataken bayi da yake tare da su sun taɓa zuma a kogon bishiya, ta tashi ta tarwatsa ayarin. Aka tsinci wata baiwa mai suna Nili a bakin rafi, jikinta duk harbi. Aka cire mata ƙarin, aka wanke ta, aka goga mata dakakken ganye, amma washegari ta kasa tafiya, aka bar ta a daji. Jinyar da aka yi mata ita ce jinyar da kowa ya sani a lokacin, kuma ba ta isa ba. Idan kuma harbi ɗaya ya kashe mutum, likitan da kan ce irin rinar ce mai muni ko ta ci wani ƙazamin abu, mutanen ƙauye kuma su ce ture aka yi masa ko aljanin kuka ne ya fusata. Kowa idonsa na kan ƙwaron ko wanda ya turo shi.

5.0 Abin da Aka Gano Daga 1902

A 1901 masana biyu Faransawa, Charles Richet da Paul Portier, suka fara nazarin dafin wasu halittun teku a jirgin ruwan Yarima Albert na Monako. Niyyarsu su saba wa karnuka da dafin kaɗan-kaɗan don su sami kariya. A 1902 suka ga akasin haka: karen da ya jure allurar farko, da aka ƙara masa ɗan kaɗan bayan makonni, sai ya faɗi ya mutu cikin ƙasa da sa'a guda. Suka raɗa wa abin suna anafilaksis, ma'ana kishiyar kariya, aka ba Richet kyautar Nobel a kansa a 1913. Tsakanin 1966 da 1967 Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Amurka, da wasu masana biyu a Suwidin, suka gano sinadarin garkuwar jiki da ke haddasa shi, wanda aka sa wa suna IgE.

Bayanin a taƙaice shi ne, a jikin wasu mutane ƙalilan harbin baya yana sa garkuwar jiki ta riƙe dafin a matsayin babban maƙiyi. Idan aka sake harbinsu, sai ta saki histamin da makamantansa a duk jiki lokaci ɗaya. Jijiyoyin jini su buɗe, ƙarfin bugun jini ya faɗi, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska su tsuke. Dafin ƙuda ɗaya bai kai ya kashe mutum ba, martanin jikinsa ne ke kashe shi. Wannan ya warware ɗaurin da muka fara da shi. Wanda ake harbi a kai a kai duk shekara yakan sami juriya, amma wanda ake harbi jefi-jefi, kamar mai ɗiban zuma sau ɗaya ko biyu a shekara da iyalan gidansa, ya fi shiga haɗari, musamman a harbin farko bayan dogon hutu.

Maganin ya riga sanin cutar zuwa. A 1901 Jokichi Takamine, masani ɗan Japan, ya tace adirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jini, ya buɗe hanyoyin iska, ya ƙarfafa zuciya. A 1978 likitocin Jami'ar Johns Hopkins suka tabbatar da cewa allurar tsantsar dafin kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru tana kare mai wannan lalura. A 1996 wani bincike da aka buga a mujallar Lancet ya nuna cewa saurin cire ƙari ya fi yadda aka cire shi muhimmanci, domin jakar dafin tana ci gaba da tunkuɗa shi bayan ƙudan ya tafi.

6.0 Rabe-raben Harbi da Jinyarsu

Abin da wannan tarihi ya haifar shi ne rarraba harbi gida huɗu.

Na farko, harbin yau da kullum: zafi da ja da ɗan kumburi a wurin. A bar wurin da abin ya faru, a cire ƙarin nan take da farce ko duk abin da ke hannu, a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma ko tsumma mai ruwan sanyi. Rina ba ta barin ƙari, kuma tana iya maimaita harbi. Farasitamol yana rage zafi, maganin ƙaiƙayi irin su Piriton yana rage susa. A cire zobe ko awarwaro kafin kumburi ya riƙe su. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure gaɓar.

Na biyu, babban kumburi da ya wuce faɗin tafin hannu, yana ƙaruwa kwana ɗaya zuwa biyu, yana iya kai mako kafin ya saɓe. Yana da ban tsoro amma ba kasafai yake da haɗari ba, sai idan a cikin baki ko maƙogwaro ne, kamar wanda ya haɗiyi ƙuda a ruwan sha. Wannan asibiti za a nufa da shi kai tsaye.

Na uku, anafilaksis, wanda galibi yake bayyana cikin rabin sa'a. Alamominsa su ne borin jini a wuraren da ba a harba ba, kumburin leɓe ko harshe, dushewar murya, numfashi mai ƙara, amai, jiri, ko suma. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar gefen cinya ta waje: miligiram 0.5 ga babba, 0.3 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, 0.15 ga wanda bai kai 6 ba, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta. A kwantar da majinyacin a ɗaga ƙafafunsa, mai ciki a kan gefenta na hagu, wanda numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna da ƙafafu a miƙe. Kada a tsayar da shi, kada a sa shi tafiya. Wannan gargaɗi yana da nauyi a ƙauyukanmu, inda aka saba ɗora marar lafiya a zaune a tsakiyar babur. Wanda jininsa ya faɗi, zama a miƙe yana iya tsayar masa da zuciya, don haka a nemi mota ko keke mai ƙafa uku da zai kwanta a ciki. Ko ya farfaɗo, ya zauna a asibiti na wasu sa'o'i, domin abin yakan dawo.

Na huɗu, harbin taro, irin wanda ya sami baiwar da aka ambata. A nan yawan dafin ne ke aiki, yana narkar da tsoka da ƙwayoyin jini, yana toshe ƙoda. Mutum yana iya zama kamar ya warke, bayan kwana ɗaya ko biyu fitsarinsa ya yi duhu ko ya ɗauke. Babban da ya sha harbi hamsin ko fiye, da yaro ko tsohon da ya sha ƙasa da haka, a kai su asibiti ko ba su nuna alama ba. Idan zuma ta tashi, a rufe fuska a gudu zuwa ɗaki ko mota a rufe, a ɗauki yara da tsofaffi, a kwance dabbobin da ke ɗaure idan da hali. Faɗawa ruwa ba ya fisshe mutum, domin ƙudan kan jira a sama.

7.0 Tofi da Allura a Ma'aunin Fiƙihu

Babu mai jayayya a kan halaccin ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta. Inda matsala take shi ne jinkiri. Mintocin da ake ɓatawa wajen neman mai maganin zuma, ko jiran a rubuta allo a wanke, su ne mintocin da maƙogwaro ke rufewa. Ɗura rubutu ko madara ko manja a bakin wanda ya suma ko yake fama da numfashi yana iya tura ruwan cikin huhunsa, ya ƙarasa abin da dafi ya fara. Tofi kuwa ba ya buƙatar tsayawa. Ana iya yin sa a cikin mota, hannu a kan majinyaci, ana kan hanyar babban asibitin Kazaure ko na Babura ko cibiyar lafiya mafi kusa. Wannan shi ne haɗa magani biyu da Ibnul Ƙayyim ya fahimta daga hadisin ruwa da gishiri, sai dai gishirin wannan mas'ala a yau shi ne adirenalin.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bn Sharik umurnin Annabi (SAW) ga bayin Allah da su nemi magani. Da Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, amsarsa ta nuna cewa riƙon sababi shi ma ƙaddara ne. Shaɗibi (ya rasu 790H/1388M) ya lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin su. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halakar rai ko gaɓa. Anafilaksis misali ne bayyananne na wannan hali: cuta mai saurin kisa, da magani sananne mai araha.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Danganta mutuwar da harbi ya jawo ga ture ko sammu yana haifar da zargin wanda bai ji ba bai gani ba, ya raba zumunci, alhali aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi hani ga yawan zato. Magabata suna da uzurin rashin sanin sababin. Wanda bayani ya iso masa ba shi da wannan uzuri.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa manomin ƙasar Kazaure da malamin zaure da likitan Alƙahira sun haɗu a kan jinya ɗaya, wato cire ƙari da sanyaya wuri da addu'a, kuma jinyar ta isa ga mafi yawan harbi. Abin da ya ɓuya gare su duka shi ne harbin da jikin mutum ke mayarwa ajali, wanda ba a fahimce shi ba sai daga 1902. Saboda haka ana ba da shawarar limamai da malaman Islamiyya a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su koyar da alamomi uku da ke wajabta gaggawa: borin jini a duk jiki, sarƙewar numfashi, da jiri ko suma. Kwamitocin lafiya na mazaɓu su riƙa tabbatar da cewa akwai adirenalin da wa'adinsa bai ƙare ba a kowace cibiya, an adana shi nesa da rana da zafi, da ma'aikacin da ya iya ba da shi. Wanda ya taɓa samun irin waɗannan alamomi ya sanar da iyalinsa, ya ga likita, ya bar hawa amya. Masu unguwanni da dagatai su nisantar da amyoyi daga rijiyoyi da makarantu da maƙabartu, masu sana'ar kuma su koma ga hayaƙi da rigar kariya da amyar katako da ake buɗewa ba tare da ƙona ƙudan ba. Allah ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai warkarwa.